Wata Bakwai Ina Yi Wa Matata Ƙarya Da Sunan Malamar Ɗanmu

Assalamu alaikum warahmatullah. Hajiya mai shafi, barka da ƙoƙari, ina gaida duk masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma wanda zai yi magana ya daure ya karanta har ƙarshe tukuna. Ban zo don a wanke ni ba, na san ban kyauta ba. Duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina. Shawara nake nema, kuma daga yau Talata zuwa jibi Alhamis kawai nake da lokaci.

Ni direban Adaidaita Sahu ne, a Gyaɗi-Gyaɗi muke haya da matata da 'ya'yanmu biyu. Karatuna a sakandare ya tsaya. Babban ɗanmu, zan kira shi Haidar, shekararsa biyar. Tun yana shekara biyu muka lura ba kamar sauran yara yake ba. Ka kira sunansa ba ya juyowa, ba ya kallon idonka, ba ya cewa Umma bare Abba. In maƙwabta suka tada injin markaɗe sai ya toshe kunne ya dinga buga kansa da bango. Abin da ya fi so a duniya shi ne marafan kwalbar lemo. A gwangwanin madara yake tara su, ya jera su a tsakar gida layi ɗaya, ja da ja, kore da kore, kuma ba ya yarda kowa ya taɓa. Mun yi ruƙiyya, mun sha rubutu, mun yi hayaƙi, kowa da abin da yake faɗa mana. Daga ƙarshe likita ya ce otizim ne. Ya ce ba aljanu ba ne, ba hauka ba ne, ƙwaƙwalwarsa ce take karɓar abubuwa ta wata hanya daban, kuma in aka fara koya masa da wuri zai iya abubuwa da yawa.

Akwai wata 'yar cibiya a Tarauni da ake koya wa irin waɗannan yara magana da zama da mutane. Kyauta suke yi, shi ya sa layin ba ya ƙarewa. Matata ce ta yi ta sintiri, wata takwas, da tsohon ciki, tana zuwa tana zama a benci don kar a manta da sunan ɗanta. Ranar da aka ce an ba shi gurbi kwananta shida da haihuwa, kuma tiyata aka yi mata, ko miƙewa ba ta iya yi sosai. Sai na ce ai ga mashin a hannuna, ni zan dinga kai shi. Talata da Alhamis, ƙarfe goma. Lambata ce a takardarsu, don a lokacin wayarta ta lalace. Dokarsu ɗaya ce, kuma sun faɗa mini tun ranar farko: yaro ya yi fashi sau uku ba dalili, za a ba wani gurbinsa. Malamar da ke koya masa mace ce mai haƙuri. In an tashi takan gaya mini abin da za mu yi masa a gida, kamar a riƙe kofi kusa da fuska kafin a ba shi ruwa, ko a ƙirga marafansa tare da shi. In na dawo na faɗa wa matata, ita kuma ta sayi littafin rubutu tana rubutawa da kwanan wata. Wata biyu muka yi a haka lafiya lau.

Sai wata Talata na makara, na fito da gaggawa na manta gwangwaninsa a gida. Muna isa ƙofar cibiyar ya duba hannuna bai ga gwangwani ba, sai ya zube a ƙasa a bakin titi yana ihu yana birgima. Na ɗaga shi ya gantsara mini cizo a hannu. Ga mutane a teburin mai shayi duk sun juyo suna kallo. Wani dattijo ya ce, "Malam, wannan yaron naka ai bulala yake so. Ku 'yan zamani kun lalata 'ya'ya." Wallahi ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Na mare shi. Na ƙara. Ya yi tsit, irin shirun da ban taɓa ji daga gare shi ba. Ina ɗagowa sai ga Malama tsaye a bakin ƙofa. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Durƙusawa ta yi kusa da shi ta jira har ya miƙe da kansa, sannan ta ce da ni a hankali, "Abban Haidar, ba da gangan yake yi ba. Ranar Alhamis ka zo da wuri. Da kai nake so mu zauna, ba da shi ba."

Ranar Alhamis na ɗauko shi, na zo daidai kwanar layinsu, hannuna ya ƙi karya kan mashin. Da wane ido zan kalle ta? Ni da ake ganina uba mai kawo ɗansa da kansa, har matan da ke benci suna cewa da ma mazajensu haka suke? Na miƙe na yi Hotoro. Na ce Talata zan je. Talata ta zo na ce Alhamis. Ta kira ni sau huɗu ban ɗauka ba. Daga baya saƙo ya shigo cewa sun ba wani yaro gurbin. Na karanta, na goge, na koma gida na ci tuwo kamar ba abin da ya faru.

Yau wata bakwai ke nan. Duk Talata da Alhamis matata tana yi masa wanka, ta shafa masa mai, ta sa masa riga mai kyau, ta raka mu ƙofa tana cewa a gaida Malama. Ni kuma in zaunar da shi a gefena, in ɗaure shi da tsohon gyalenta a jikin ƙarfe, mu shiga gari ɗaukar fasinja. Abokan aikina a tasha har sun sa masa suna. Da sun hango mu sai ka ji, "Kwandasta ya iso, a ba shi hanya!" Wani ya ce, "Kai, yaron nan ya fi ubansa sanin gari, shi ya kamata a ba tuƙin." Gaskiya ne kuwa, in na sake hanya sai ya ja hannun rigata. Ni ma in yi dariya tare da su. Azahar in mayar da shi gida, matata ta tare ni da littafi da biro: "Me Malama ta ce yau?" Da farko tsofaffin nake juya mata. Da suka ƙare sai na fara ƙirƙira.

Ga inda na fi jin kunyar faɗa. Da na ga duk abin da na ce Malama ta ce matata ba ta musu, sai na mayar da shi sandar da nake kora gidan da ita. Yayana ya zo daga ƙauye ya kwana biyu, ya taka layin marafan bai sani ba, Haidar ya yi ta ihu. Yaya ya dube ni ya ce, "Haka za ku bar shi yana wasa da shara kamar mahaukaci? Kai ba namiji ba ne a gidanka?" Maganar ta tsaya mini a rai. Alhamis na dawo na ce Malama ta ce a raba shi da marafan nan, su ne suke hana shi magana. Matata ta ajiye biro ta ce, "Abban Haidar, ka tabbata? Ai ita ce ta ce mu dinga ƙirgawa da su." Na ce, "Ni na je ko ke?" Ta ɗauki biron ta rubuta. Da hannunta ta ɗauki gwangwanin ta ba mai kwasar shara. Kwana uku yaron nan in ban da ruwa ba abin da ya shiga cikinsa. Ya duba ƙarƙashin gado, ya duba bayan randa, ya kamo hannunta ya kai ta inda yake ajiyewa ya ɗora hannun a wurin. Tana kuka tana cewa, "Yi haƙuri Haidar, Malama ce ta ce, don ka samu lafiya ne." Ya buga kansa har goshinsa ya kumbura. Ina zaune ina kallo. Wane irin uba ne wannan? Rana ta huɗu na bi shaguna na roƙo marafai cike da leda, na ce Malama ta sake shawara. Ya juya su ɗaya bayan ɗaya ya ture. Ba nasa ba ne, ya sani. Sai da ya yi sati uku kafin ya sake jera layi.

Wata ɗaya da ya wuce muna tafe wajen Unguwa Uku, ba fasinja, sai na ji an taɓa kafaɗata an ce, "Akwai." Kamar yadda fasinja ke faɗa in ya iso inda zai sauka. Na waiga baya, ba kowa. Haidar ne. Yana kallon mai kankana a bakin titi. Shekara biyar ban taɓa jin kalma daga bakinsa ba. Na taka birki na saya masa, na kifa kaina a kan mashin na yi kuka, har mai kankanar yana tambayata ko rasuwa aka yi mini. Tun daga ranar duk inda ya ce akwai sai na tsaya, ko da fasinja, don ya gane maganarsa tana aiki. Bayan kwana biyu aka tada injin markaɗe, maimakon ya nufi bango sai ya kama zanin uwarsa ya ce, "Akwai." Ta ɗauke shi ta kai shi ɗaki ta rufe taga, ta fito ta yi sujjada a tsakar gida. Ta ce, "Malama ce ta buɗe masa baki. Allah ya saka mata da Aljanna." Na ce amin. To in yi murna ne ko in yi me? Kalma ɗaya a wata bakwai. Da yana wurin Malama, da yanzu kalma nawa gare shi? Wannan tambayar ba ta barina ko a sahun salla.

Yanzu ga abin da ya taso. Matata ta ce jaririya ta yi ƙwari, lokaci ya yi da za ta je ta yi godiya da bakinta. Ta yi dambun nama, ta haɗa turaren wuta, ta ɗinka wa Malama doguwar riga da kekenta, har tana tambayata, "Doguwa ce ko gajera? Kar in yanka ya ɗage mata." Sau biyu ina kaucewa. Na ce Malama ta yi tafiya. Na ce ba ta da lafiya, sai ta ce, "To ai dubiya ta kama mu ke nan." Jiya ta ce, "Alhamis ɗin nan ko ba ka kai ni ba zan tari wani mashin, ai na san hanya, ni na share wata takwas a bencinsu." Kuma ba ita kaɗai za ta ba. Maƙwabciyarmu Maman Ikram tana da 'ya mai shekara uku da ita ma ba ta magana, matata ta yi mata alkawarin haɗa ta da Malama. Abin da ya ƙara tsinka mini zuciya, ashe tun sati biyu ta ara mata littafin nan ta kwafe. Har shafin marafan. 'Yar tata wani tsumman zani take riƙewa ba ta rabuwa da shi, kuma na ji uwar tana cewa ita ma za ta gwada raba su, tunda masana ne suka faɗa. Ƙaryata ta tsallaka katanga ta shiga gidan mutane.

In na gaya wa matata, me zan ce? In ce gurbin da kika samo da tsohon ciki na zubar saboda kunyar mace ɗaya da maganar wani dattijo a teburin shayi? In ce kwana ukun da ɗanki ya yi ba ci, kina ba shi haƙuri da sunan Malama, ni ne? Na san halinta, ba ta da hayaniya. Kallona za ta yi, ta ɗauki 'ya'yanta ta tafi gidansu a Daurawa, kuma ko ta dawo ba za ta ƙara yarda da kalma ɗaya daga bakina a kan yaron nan ba. In na fara zuwa wurin Malama, in roƙe ta me? Ta rufa mini asiri ta karɓi rigar godiya a kan aikin da ba ta yi ba? Ba za ta yi ba, ni ma ba zan iya tambaya ba. In na yi shiru, jibi matata za ta tsaya a gabanta da leda a hannu, ga maƙwabciya a gefe, ta ji komai daga bakin wata.

Yau da safe na ce zan gwada. Na ɗauko Haidar, na karya kwanar da na yi wata bakwai ina gujewa, na rage gudu daidai ƙofar cibiyar. Mai shayin yana nan. Na hango Malama ta fito ta durƙusa tana karɓar wani yaro daga hannun babansa. Sai na ji ɗan hannu a kafaɗata. "Akwai." Ƙofar yake kallo, har ya fara jan gyalen da na ɗaure shi da shi. Bai manta ba. Wurin yake so ya sauka. Jama'a, tunda yaron nan ya fara faɗar kalmar nan ban taɓa ƙin tsayawa ba sai yau. Na murɗa mashin na wuce. Ya sake faɗa, ya sake faɗa, har muka kai kasuwar Tarauni, sannan ya yi shiru.

Na dawo gida matata ta tare ni da littafi da biro, na ce kaina ke ciwo. Ledar Malama tana rataye a ƙusa bayan ƙofa, duk ɗakin ƙamshin turaren yake. Don Allah iyaye, musamman masu irin ɗana, ku gaya mini ta inda zan fara, matata ko Malama, kuma da wane baki. Saura kwana biyu.

Me zan yi?