Muryar Baba a Aikina na Turanci

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu ma nan lafiya lau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma zuwa kasuwa da kanta, Baba kuma yana shagonsa na ɗinki kamar kullum.

Yaya, damuwa ce ta sa na ɗauki biro. Zan ɗauki hoton takardar in turo miki, don in kira na yi bakina ba zai iya faɗa ba. Malamar Turanci ta ba mu aiki a kan sana'ar gidanmu. Kowa zai rubuta labarinsa a manhaja ɗaya, ya naɗi muryarsa yana karantawa a wata, sai ta uku ta haɗa muryar da hotuna ta aika shafin ajinmu. Da tsohuwar wayarki na yi. Kin san ni da kunya, sau bakwai ina naɗa ina sakewa a bayan shago, inda ake jibge yadi. Ina cikin na huɗu Baba ya leƙo, ya ce muryata kamar ta sauro, in kawo ya nuna mini yadda ake yi. Ya gyara tabarau ya karanta da Turancin nan nasa da kika sani, wayar kuwa tana ta naɗa. Kalmar da ta fi ƙarfinsa sai ya tsallake ta, ya cike gurbin da Hausa.

Da na zo haɗawa ban saurara ba, na taɓa na huɗu a maimakon na bakwai, na aika. Jiya Malama ta tsayar da ni bayan darasi, ta ce ta ji kuma ya burge ta, amma in sani ranar Litinin za a kunna na kowa a gaban aji. In ina son canzawa, in cire da kaina. Na gwada, manhajar ta ce sai na sa lambar sirri, kuma wayarki ta can za ta tura wa, tunda da sunanki aka buɗe ta.

Na gaya wa Mama, ita kuma ta gaya wa Baba. Yaya, da kin ga murnarsa! Har ya sanar da mai gyaran takalmin da ke kusa da shi cewa za a ji muryarsa a sakandare, shi da bai wuce aji huɗu na firamare ba. Ni kuwa na san 'yan layin baya na ajinmu, ko Malama ba su bari ba wajen kwaikwayo. In na bari, Babanmu za su yi wa dariya. In na cire, zai gane kunyarsa na ji. Gaba kura, baya siyaki.

Ranar Asabar da hantsi zan danna neman lambar. Ke kin fi ni sanin Baba. In kin ga ya dace, ki turo. In na ji shiru na fahimta, ranar Litinin zan zauna a layin gaba in saurare shi har ƙarshe. Ki dai yi mini addu'a kada in yi kuka.

Ki gaida Yaya maigida, da Ƙiriniya da ƙaninta. Mama da Gwaggo suna gaishe ku.

Taki ƙanwa,
Auta