Filogin da Ya Ɓata Kunun Inna

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Yaya aiki, yaya Fatakwal? Mu nan Batsari lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Ka tambaye ni ko ka sayi filogin nan na firij mai rage shan wuta. Da kunya nake ba ka amsa. Ranar kasuwa na ga mai tallarsa, har na tsaya ina taya shi bayani, ɗalibaina suna kallo, daga baya ma na yaba shi a aji. Na saya, na jona wa firjin Inna ranar da ta haɗa kunun aya na sunan jaririyar Binta.

Ashe aikinsa ya riƙa kashe firjin yana kunnawa. Ka san wutarmu ba ta daɗewa. Kunu bai yi sanyi ba, kafin safiya ya yi tsami. Haka muka isa Karare hannu rabbana, dangin mijin Binta suna tambayar ina kunun da ake ta yabo.

Abin da ya fi ƙona min rai, gidanmu ko mita babu, kuɗin wuta ba ya canzawa. To me nake ragewa?

Inna ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Malama, zo ki cire iliminki daga bango."

Kada ka saya. Ka sa ni a addu'a, gobe zan shiga aji in warware abin da na faɗa. A gaida Anti da yara.

Ƙanwarka,
Hadiza