Tagogin Jirgin Baba

Difa, ranar Lahadi

Zuwa ga maigidana, Baban Nazifa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da yara da Hajja. Yaya kasuwa, yaya zafin Damagaram? Mu nan sai godiya. Na ba Sule mai motar tattasai wannan takarda, don waya ba ta da sirri a gidan nan. Ƙafar Baba ce ta mutu, kunnensa na nan garau.

Na zo da niyyar in ɗauko shi mu dawo cikin 'yan kwanaki, ga shi damina ta wuce ina nan. Baba ya ce ba inda za shi. Ka san kabarin Inna yana can gonarmu ta bakin Komadugu, inda ba mai zuwa tun da aka tashi mutane. Shi ba ya iya zuwa wurinta, kuma ba ya yarda ya ƙara nisa da ita. Ni kuwa in na taho, wa zai ɗaga shi ya yi alwala? Gaba kura, baya sayaki.

Jiya dai na samo bakinsa. Ka tuna ɗan jirgin ƙasan nan mai tarago uku da ke kan kabad, wanda ubangidansa ya ba shi lokacin da yake dako a tashar Nguru? Cikin taragon tsakiya akwai 'yan mutanen roba a zaune. Macen da ke bakin taga a cikinsu, Inna da kanta ta ɗaura mata ɗankwali da koren ƙyalle, don ta tsokane shi. A tagar jirgi ya fara ganin Inna, jirgin ya tashi da ita, shi kuma ya bi na gaba har Kano. Labarin nan mun ji shi har ya ishe mu.

To, zafi ya cinye tagogin. Robar ta yi ja, ta tsattsage, ba a ganin kowa a ciki. Baba ya yi mini alkawari, ranar da ya ga Inna ta taga, ranar zai bi ni Damagaram. Na ce in buɗe rufin ya gan ta, ya ce shi bai taɓa leƙen mace ta rufi ba, kuma ba zai fara da tsufa ba.

Don haka matarka ta zama makanikin jirgi. Kada ka yi dariya. Ina kewarku ƙwarai, musamman da la'asar, lokacin da yaran maƙwabta ke dawowa daga makaranta.

Ka gaida Hajja, ka ce wa Nazifa ta daina kwana da kai ba kitso.

Taka,
Lauratu

Difa, ranar Alhamis

Baban Nazifa,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonka ya iso, na gode da sabulu da shayi. Na ji ka ce ba ka iya yi wa yara tuwo ba. Ai sai yanzu ka san darajata.

Maganar jirgi kuwa, garin neman gira na kusa rasa ido. Na goge tagogin da kananzir, sai suka koma fari kamar an shafa koko. Na ɓalle rufin da bakin cokali, na ciccire su, suna marmashewa a hannuna. Na yanko gorar ruwa, ta ƙi kwanciya saboda lanƙwasa. Da na danne ta da gam ɗin nan mai kamawa nan take, sai hazo ya rufe robar, yatsuna biyu kuma suka manne da juna. Wallahi na zauna na yi kuka, kuma ba don yatsun ba.

Zainaba maƙwabciyarmu, wadda ke shara a likita, ita ta ce in kawo tsohon hoton ƙirjin Baba. Muka jiƙa shi a ruwan jabel na wankin fararen kaya, baƙin ya sale, haƙarƙarin Baba ya bi ruwa, aka bar roba shimfiɗaɗɗiya, garau, mai ɗan shuɗi-shuɗi. Na auna kowace taga da tsinken tsintsiya, na yanka da reza. Maimakon gam, na jiƙa ƙaron da Baba ke haɗa tawada da shi, ina ɗiga shi a gefe da bakin allura. Shi ba ya hazo in ya bushe.

Baba yana kwance a ɗaki, kullum labule a sake, yana jin motsina. Bai tambaye ni ko sau ɗaya ina aiki ya kwana ba, abin ya ɗan ba ni haushi. Saura tagogi kaɗan. Ka ce wa Sule ya riƙe mana gaban mota a zuwansa na gaba.

Ina gaida kowa da kowa.

Taka,
Lauratu

Difa, ranar Talata

Maigida,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta yara. Allah ya sa wannan ta same ku cikin alheri. Ni dai raina a jagule yake.

Na gama ranar Asabar. Tagogi suka fito tas, har ƙullin ɗankwalin ana gani. Da hantsi na fito da Baba tsakar gida don ya samu haske, na sa masa taragon a hannu. Ya juya shi, ya kawo shi dab da fuska, ya ce har yanzu hazo ne, aikina bai yi ba. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na dubi idonsa a rana. Baban Nazifa, yanar ido ta rufe su duka biyun, fari fat. Duk zaman nan a ɗaki mai duhu nake ba shi abinci, ban lura ba. Ashe shi ya sa yake laluben kwano.

Da na matsa masa, ya ce tun bara ya sani. Wato alkawarin da ya yi mini, ya yi shi ne yana sane ranar cikawa ba za ta zo ba. Na yi fushi, na kuma ji tausayinsa. Ya roƙe ni in duba in faɗa masa ko tana nan. Na ce tana nan a bakin taga da koren ɗankwalinta. Ya ce to madalla, ba ta sauka ba.

Zainaba ta tambayo mana, an ce a Damagaram ana cire yanar. Na gaya masa sai ya je can zai gan ta. Ya ce shi alkawarinsa gani kafin tafiya ne. Ka ji fa.

Jiya da Sule ya zo lodin tattasai, na naɗe taragon tsakiya a tsohon zanen Inna, na sa a kwali na ba shi ya kawo maka Damagaram. Ko daidai na yi ko zalunci, Allah ne masani. Yau da safe Baba ya miƙa hannu kan kabad kamar kullum, ya taɓa na farko, ya taɓa na ƙarshe, hannunsa ya tsaya a tsakani. Ban ɓoye masa ba, na ce Inna ta yi gaba. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Kunu ya huce a gabansa, ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa.

Har na naɗe takardar nan, sai ya kira ni. Ya ce in nemo masa takalmansa da babbar rigarsa, in kuma tambayi Sule ko motar ta tashi. Ya ce ai ba yau ya fara bin ta ba.

Sule ya ce sai bayan azahar. Wata mota na tashi yanzu, zan ba yaronta takardar don ta riga mu isa. Ka sa a share ɗakin kusa da zaure, a ɗage labulen.

Taka har kullum,
Lauratu