Bindigar Mahaifin Kafilina

Ruwais, Jidda
Talata

Zuwa ga matata Ruƙayyatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Ihsan. Ƙafar Inna ta yi sauƙi? Ni ƙalau nake, sai kewarku.

Nemi wuri ki zauna kafin ki karanta sauran. Kafilina Meshari, mai gidan da ya ɗauko ni aiki, ya samu lasisin sayar da bindigogin farauta a shagonmu! Shekara uku ina jera tantuna da takalman gudu, yau ga shi ya tura mu kwas na sati biyu a unguwar Khumra, ni da abokin aikina Saif, a koya mana yadda mai shago zai riƙe bindiga, ya adana ta, ya miƙa wa mai saye ba tare da an yi ɓarna ba. Ɗaya daga cikinmu zai ba wa makullin kabad ɗin bindigogi. In ni ne, zai sa a canja sana'ar da ke kan iƙamata, wato takardar izinin zamana, zuwa irin wadda ake barin mutum ya ɗauko iyalinsa. Kin gane ko? Ke da Ihsan a Jidda!

Saif haifaffen nan ne, kakanninsa Hausawa ne da suka zo Hajji suka zauna, Hausarsa rabi Larabci ce. Yaron kirki ne, amma ina zai kama ni, jikan Sarkin Baka, a harkar bindiga? Ki dai taya ni addu'a.

Naki har kullum,
Abdulkahar

Ruwais, Jidda
Alhamis

Ruƙayyatu tawa,

Sallama da fatan alheri. Yaya zafin Kano? Ki shafa min kan Ihsan.

Jikan Sarkin Baka ya sha kunya, ki yi dariyarki ki more. Malaminmu Ustaz Badr dattijo ne, sa'an Baba, gemunsa fari fat. Jiya ya kira ni gaban aji, ya buɗe bindiga ya leƙa, ya rufe, ya miƙo min. Ni kuwa na russuna na sa hannu biyu na karɓa, kaina a ƙasa, har da godiya. Ai sai aji ya ɗauki dariya. Ya karɓe ta ya buɗe, ya zaro harsashin roba. Ashe ya zura shi lokacin da nake faman kallon takalmansa.

Dokar ita ce, ko wa ya ba ka bindiga, ka karkatar da bakinta ƙasa, ka janye yatsa daga kunamar, ka buɗe ka duba da idonka. Na yi masa bayani cewa a wurinmu, babba ya duba abu kai kuma ka sake dubawa a gabansa, ka ƙaryata shi ke nan. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce bindiga ba ta san babba ba, halas, magana ta ƙare. Kuma ya rubuta abin a rahoton da zai kai wa Meshari.

Wallahi raina ya ɓaci, na ga kamar na jefar da bizarki da hannuna. Amma ban saki ba. Yanzu Saif yake miƙo min lema ko sandar tanti a shago, yana yi min muryar tsofaffi, ni kuma ina buɗewa ina leƙawa. Hannuna ya fara sabawa, kaina ne har yanzu yake son sunkuyawa.

Mijinki,
Abdulkahar

Ruwais, Jidda
Lahadi

Ruƙayyatu, sanyin idona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, ki yafe min gajeriyar gaisuwa.

Mun gama kwas. Ranar Laraba bayan la'asar mahaifin Meshari ya zo shago. Sunansa Abdulmohsen, ya haura tamanin, in ya shigo har ɗansa miƙewa yake. Ya zo da tsohuwar bindigarsa a naɗe cikin bargo yana neman jakar da za ta shiga. Saif yana sito, Meshari yana tsaye da masu saye biyu, sai tsohon ya nufo ni. Ya warware bargon ya miƙo min ita, yana cewa shekara ashirin rabonta da harsashi, da hannunsa ya duba kafin ya fito.

Ruƙayyatu, har na fara russunawa. Na daure na tsaya. Na karɓa, na mai da bakinta ƙasa, na buɗe ta a gabansa na leƙa. Babu komai a ciki. Gaskiya ya faɗa, wayam take.

Kin ga fuskarsa kuwa? Ya tambayi ɗansa daga ina ya samo wanda yake bincikar maganar ubansa. Ya fizge bindigarsa ya fita, ko jakar bai ɗauka ba. Meshari ya bi shi da sauri. Kwana uku ina zuwa aiki ina jiran a ce in haɗa kayana.

Yau da safe Meshari ya kira ni ofis. Ya ce ya karanta rahoton Ustaz Badr, har ya gama yanke shawarar ba wa Saif makullin. Ya ce shi kansa, da girmansa, bai taɓa iya buɗe bindigar nan a gaban mahaifinsa ba, kuma kullum tana jingine a ɗakin da jikoki suke wasa. Sai ya turo min makullin a kan tebur, ya ce yalla, maza in kawo takardar aurenmu gobe.

Na fito na rungume Saif har ya yi tari. Tsohon dai ɗazu ya wuce ta ƙofar shago, na gaishe shi sau biyu bai amsa ba, kuma abin yana ci na, don na san yadda Baba zai ji da shi aka yi wa. Zan ci gaba da gaishe shi.

Ki je ofishin fasfo ranar Litinin, ke da Ihsan. Kada ki jira kowa ya raka ki.

Naki mai ɗokin ganinki,
Abdulkahar