Waldar da Na Yi wa Bokitin Sani

Assalamu alaikum masu wannan shafi. Ku ɓoye sunana, kuma don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku tsine mini.

Shekara tara na yi ina tuƙa wa wani ɗan kwangila ƙaramar katafila a Treichville, irin mai taya huɗun nan da ke juyawa a wuri ɗaya. Bokitinta kamar ɗana na riƙe shi. Kullum da safe sai na sa masa giris, in yashi za a kwasa in ɗaura mai sulɓin baki, in jar ƙasa ce in ɗaura mai haƙora. Duk wannan ni na koya wa Sani, ɗan unguwarmu Biafra. Ranar da bakin bokitin ya tsage, shi ne ya kankare siminti da shi ina masallacin Juma'a, amma a gaban maigida ya ce, "Patron, Tonton ya tsufa, il voit plus clair." Wai ni ne ba na gani! Aka karɓe makulli a hannuna aka miƙa masa, ya karɓa yana murmushi. Wallahi har yau in na tuna murmushin nan abinci ba ya wuce mini.

Na koma sana'ar walda a Adjamé, bayan silimar Roxy. Makon jiya sai ga Sani da bokitin a bayan mota, kunnen da ke riƙe shi da hannun injin ya tsage. Ko gaisuwar kirki babu. "Tonton, a yi vite-vite, maza-maza, ka san mu ma'aikata ne." Su ma'aikata! Ni kuma mene ne? Aikin gaskiya shi ne a rarake tsagar, a cika ta hawa uku, a ɗora farantin ƙarfe a kai. Ni kuwa na shafa walda sama-sama, na goge, na fesa fenti, ya fito fes. Nufina ya ɓalle masa da lodin yashi a gaban maigida, a kore shi yadda aka kore ni. Na ji kunya? Ko kaɗan, da waƙa na koma gida.

Jiya a tashar jirgin ruwa ta Treichville na haɗu da yayana Isa, kafinta ne. Ya ce ranar Asabar za su rufa wa masallacin unguwa kwano, maigidan Sani ya ba su aron injin fisabilillahi. Na ce, "Yaya, me ya haɗa injin kwasa da kwano?" Ya yi dariya. "Ka manta? Ai kai ka fara mana dabarar. A bokiti za a riƙa ɗaga ni sama da kwanon. Sani ya ce kai ka yi waldar, shi ya sa hankalina kwance."

Nan take na kira Sani na ce ya kawo bokitin in ƙara dubawa. Ya ce, "Aiki ya yi kyau, Tonton. Ko kewar injin kake yi?" Ya kashe waya.

Kada wanda ya ce mini in yafe masa, ban yafe ba. Har yanzu ina son in ga an karɓe makullin nan a hannunsa. In na faɗi gaskiya zai yayata ni daga Adjamé har Biafra, babu mai sake kawo mini ko ƙafar kujera, ya ci ni sau biyu ke nan. In na yi shiru, Yaya Isa ne zai tsaya a kan waldata, sama da rufin masallaci. Yau Alhamis. Me zan yi?