A Mayar da Ƙarfen Gindin Ɗorawa

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Unguwarmu ta bayan tashar Kafanchan,

Ranka ya daɗe. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Ni ne Malam Bulus mai koyar da ajin yaƙi da jahilci, wanda ya rubuto maka bara a cire guntun ƙarfen layin dogon nan da ke rataye a ɗorawar ƙofar gidana, wanda ake bugawa in za a yi gayya, ko gobara ta tashi, ko an yi rasuwa. Na ce yana hana ni barcin rana, har na kira shi ƙauyanci. Yau ƙara na kawo, kunya kuma kamar ta kashe ni.

Na ɗaya, laifinka shi ne ka saurare ni. An daɗe ana roƙon gyaran rijiya ba a motsa ba, amma takardata, don na yayyafa mata Turanci, ko kwana uku ba ta yi ba aka sauke ƙarfen aka kulle a sito.

Na biyu, accata ta nuna, ka kuwa san acca ba ta jira, zubewa take yi. Na bi gida-gida ina gayya. Ranar Asabar matata Saratu ta dama kunu tulu huɗu, na yanka akuya. Mutum biyu suka zo: surukina, da wani Bafulatani da ya biyo tambayar yaushe shanunsa za su shiga kiwo in na girbe. Sauran duk wanda na tara sai ya gaishe ni da ladabi, ya ce ai bai ji ƙarfe ba. A coci kuwa kowa tambayata yake yaya barci.

Na uku, barcin ma ban samu ba. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da ni, wadda ta yi renon 'ya'yana, sai da aka dawo daga binne ta na ji. Wannan ya ci mini rai ƙwarai.

Roƙona, a fito da ƙarfen kafin Asabar mai zuwa, tun accar ba ta ƙare a ƙasa ba. A rataye shi daidai tagar ɗakina. Ni zan riƙa bugawa, ko da tsakar rana ne.

Allah ya ja zamaninka, ya kuma tsare ka daga shawarar masu ilimi irina.

Wassalam.

Naka mai nadama,
Malam Bulus