Garin da Inna Take Ɗinkawa

Birnin Konni, 4 ga Maris

Yaya Almoustapha,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da Fadila da yara. Yaya garin Malbaza, yaya aikin siminti?

Ka tambayi jikin Inna. Tana cin abinci, amma mantuwar nan sai gaba take yi tun da muka ɗauko ta daga ƙauyenmu na Illela. Sau biyu tana ɓacewa. Na ba ta farin zanen gado da zare don ta zauna wuri ɗaya, ka san hannunta bai manta allura ba.

Ashe garin nan take ɗinkawa! Duk hanyar da muka bi zuwa likita, tana dawowa sai ta sa ta a zanen, kowace kwana daidai inda take. Har na yi murna, na ce tsohuwa ta fara zama 'yar birni.

Sai da na tambaye ta na gane ba haka ba ne. Tashar mota wai rijiyar da take ɗiban ruwa ce tana amarya. Buron duwan, wato ofishin kwastan, gonar Baba ce. Titin da manyan motoci ke bi zuwa iyaka, koren zare ta sa masa, wai hanyar gidan mahaifiyarta. Tsoro nake ji kada wata rana ta bi shi.

Ƙanwarka,
Raihanatu

19 ga Maris

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, abin da nake tsoro ya faru. Shekaranjiya da hantsi ina wanka ta naɗe zanen ta fita. Wani mai kabu-kabu ne ya janye ta daga gaban babbar mota.

Na sa kwaɗo a ƙofa. Ni da hannuna na kulle uwata, Yaya. Na ɓoye allurar ma, ta yini ba ta ci komai ba, dole na mayar mata.

Yau ta ƙara gida ɗaya a zanen, ta zagaye shi da zare har sau uku, babu ƙofa. Ta ce mini gidan wata mata ne, mai kirki dai, amma ta tsare ta. Sai ta riƙe hannuna, ta roƙe ni don Allah in na ga ɗiyarta Raihanatu, in ce ta zo ta fitar da ita.

Na ce mata zan faɗa.

Ka zo, Yaya. Wallahi ban san abin da zan yi ba.

Ka gai da Fadila.

Taka,
Raihanatu